Tambaya da Amsa: Giyar da ake ajiyewa shekara 25, da burukutun da ba ya kwana uku

Jama'a barkanmu da wannan mako. Tun bayan da muka yi maganar tsami da ruɓewar abinci a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, kuma da yawa a kan abu ɗaya suka tsaya, wato tsohuwar giya, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Masu tambaya kan garin kwaki da madarar gwangwani ku yi haƙuri sai mako mai zuwa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce, aji uku, kimiyyar abinci nake karantawa a Zariya. Lakcaranmu ya ce wai a Ingila akwai giyar da ake rubuta mata shekara a jikin kwalba a ajiye ta shekara 20 tana ƙara daraja, ni kuma a ƙauyen kakata na san burukutu in ya kwana biyu uku ya yi tsami babu mai saye. Ba duk hatsi ne aka jiƙa ya tsira ba? Don Allah meye bambancin?

AMSA: 'Yata lakcaranku gaskiya ya faɗa miki. Wadda yake nufi ita ce baliwayin, giyar sha'ir ce mai ƙarfi sosai, sinadarin barasar da ke cikinta yana kaiwa kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari, wani lokaci har ya ɗara, alhali giyar kwalba da ake sayarwa a nan galibi wajen kashi 5 take. Gidanta na asali Ingila ne, musamman garin Burton da ke bakin kogin Trent inda kamfanin Bass ya yi suna da wadda ya sa wa Bass No. 1. A 1902 Sarki Edward na 7 ya ziyarci wannan kamfani, shi ya fara haɗin wata giya da hannunsa aka sa mata King's Ale, har yau masu tara kayan tarihi suna da kwalabenta a rufe. Wadda ta fi ba mutane mamaki ma ita ce Ratcliff Ale da aka yi a 1869, aka gano wasu kwalabenta a ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa a Burton a 2006, aka buɗe aka ɗanɗana kuma ta shawu, shekara 137 fa. Sai kuma Thomas Hardy's Ale da kamfanin Eldridge Pope ya fara yi a Dorchester a 1968, ƙarfinta wajen kashi 11.7, ita ce a jikin takardarta aka rubuta cewa za ta iya kai shekara 25.

Toh yanzu ga inda zancen yake. Farkon hanyar ɗaya ne kamar yadda kika ce, a jiƙa hatsi ya tsira, a busar da tsiron, a niƙa, a dama da ruwan zafi don sitacin ya koma suga, a tafasa, a ba yis ya ci sugan ya fitar da barasa. Kakarki da mutumin Burton duk aikin da suke yi ke nan, ita da dawa shi da sha'ir. Inda suka rabu shi ne yawan tsiron da ake zubawa. Mai yin baliwayin yana zuba tsiro ninki biyu ko fiye na giya ta yau da kullum a ruwa iri ɗaya, sannan ya tafasa awa 2 awa 3 ruwan yana ƙonewa yana kauri, saboda haka yis ɗin yana ci yana ci har barasar da shi kansa ya fitar ta gajiyar da shi ya kwanta, kuma duk da haka akwai sauran suga mai yawa da bai iya cinyewa ba. Kinga an samu abu biyu a lokaci guda, barasa mai yawan da ƙwayoyin da ke lalata abin sha ba sa iya sakewa a cikinta, da kuma kauri da zaƙin da lokaci zai samu abin da zai yi aiki a kai. A kan wannan ana ƙara furen hof, wani fure ne mai ɗaci da ake nomawa a ƙasashe masu sanyi, ɗacinsa yana hana ƙwayoyin tsami yaɗuwa. Daga nan a rufe a kwalba gam, iska ba ta shiga sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Burukutu kuwa a buɗe yake tun daga tukunya har ƙwarya. Da gangan ake barinsa ya kwana ya yi tsami kafin a sa masa yis, ƙwayoyin tsami irin na nono ne suke wannan aikin kuma da ransu suke har lokacin da ake sha, babu hof, barasarsa kaɗan ce, ga iska tana shiga ta ko'ina ga zafin garinmu. In ya kwana biyu wasu ƙwayoyin da ke son iska su kama barasar su mayar da ita binega, shi ke nan kasuwa ta ƙare. Kuma ina so ki riƙe wannan, don na sha ganin ɗalibai suna rubutawa a furojet ɗinsu kamar kasawa ce ta matan da ke dafa shi. Sam ba haka ba ne. Abin sha ne da aka tsara don ranar kasuwa ko ranar gayya, a dafa a sha a ƙarar, kuma macen da take iya gane tsamin ya kai da harshenta kawai ba tare da na'urar awo ba ta san aikinta fiye da da yawa daga cikinmu masu farar riga a lab. Haka pito yake a Ghana, haka dolo a Burkina Faso. Nono da zuma ne, ɗaya a sha yau, ɗaya a rufe a manta da shi, kuma ba wanda zai ce nono ya gaza don bai shekara ba.

Abin da zai fi miki amfani a jarrabawa shi ne me ke faruwa a cikin kwalbar duk tsawon shekarun nan. Ɗacin hof ne yake fara tafiya, a shekara ta farko da ta biyu yana raguwa sosai. Zafin barasa mai tsinkar maƙogwaro shi ma yana lafawa. Suga da sinadaran furotin suna ci gaba da haɗuwa a hankali, irin haɗuwar da masani ɗan Faransa Maillard ya bayyana a 1912, ita ce dai take sa bayan burodi ya yi ja, toh a kwalba ma tana tafiya amma a sannu ƙwarai, launi ya ƙara duhu ƙamshi ya koma na suga da aka ƙona. Sai ɗan guntun iskar oksijin da ta maƙale lokacin rufewa, ita ce takobi mai kaifi biyu, a giya mai kauri mai duhu tana kawo ƙamshin busassun 'ya'yan itace, a giya mara kauri kuwa abin da take fitarwa shi ne wani sinadari trans-2-nonenal mai warin jiƙaƙƙen kwali. Shi ya sa mafi yawan giyar duniya ajiya ba ta ƙara mata komai sai lalacewa. Lokaci ba ya zuba wa kwalba wani abu daga waje, abin da mai dafawa ya sa a ciki tun farko shi yake juyawa, in babu komai a ciki babu abin da zai fito.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa daga Manchester. Ogana a wurin aiki ya ba ni kwalba uku ƙanana na J.W. Lees Harvest Ale a Kirsimeti ya ce kar in sha yanzu in ajiye. Na ɗora su a kan firij a kicin kusa da taga. Shekara nawa zan jira, kuma ya ake shanta?

AMSA: Ɗan'uwa kafin ka gama karanta wannan tashi ka sauke su daga kan firij ɗin nan. A duk gidanka da wuya a samu wurin da ya fi nan muni, bayan firij zafi yake fitarwa dare da rana, injinsa yana girgiza su, ga tururin girki ga hasken taga. Ka nemi lungu mai duhu mai sanyi wanda ba ya canjawa, ƙasan matakalar bene ko can cikin kabad da ke jingine da bangon waje nesa da hita, abin da ake so digiri 10 zuwa 13, amma ko 15 ko 16 ne in dai a tsaye yake ya fi wurin da yau sanyi gobe zafi. Ka bar su a tsaye kar ka kwantar da su, don murfin ƙarfe ne, in giyar ta daɗe tana taɓa shi ba alheri ba ne, kuma duk wani laka da zai kwanta gara ya kwanta a gindi. Ka sa su a kwali ka rufe.

Ogan naka ya san abin da ya ba ka, kusan 'yar garinku ce, a Middleton ake yinta nan gefen Manchester, sau ɗaya a shekara tun 1986, ƙarfinta kashi 11.5 kuma tana cikin masu jure ajiya sosai don zaƙinta da kaurinta suna da yawa ɗacinta kaɗan. Amma shawarata ta ɗan saɓa da tasa. Tunda uku ne, buɗe ɗaya yanzu. In ba ka san yadda take tana sabuwa ba, ranar da ka buɗe ta bayan shekara biyar da me za ka gwada? Ka rubuta abin da ka ji a 'yar takarda ka jefa a kwalin, ta biyu bayan shekara 3, ta uku kuma ka duba abin da ta biyu ta faɗa maka sannan ka yanke. A ganina yawancin irin waɗannan tsakanin shekara 3 zuwa 8 suke kai ƙololuwa, bayan nan wasu su tsaya wasu su fara gangarowa, kuma abin da yake ba ni takaici shi ne mutanen da suke tara kwalabe suna tsoron buɗewa har lokacinsu ya wuce, wanda ya dafa ta ya ɓata wata da watanni a kanta don a ji abin da ya yi ne.

Wajen sha, kar ka sa ta a firij ta yi ƙanƙara irin yadda muka saba a gida, sanyi yana rufe ƙamshi, digiri 12 zuwa 14 ya isa. Ka samu ƙaramin kofin gilashi mai faɗin ciki mai matsattsen baki. Da ka buɗe za ka ji ɗan fis kaɗan, kar ka damu in kumfa ba ta tashi ba, tsohuwa ba ta cika kumfa ba. Ka zuba a hankali a gefen kofin, ɗaga shi wajen fitila za ka ga ja mai duhu kamar shayin da ya daɗe a buta, in ka juya kofin za ka ga tana gangarowa a jikinsa a hankali saboda kauri. Kar ka kai baki tukuna, bari ta yi minti biyar sannan ka sunsuna. Mai kyau za ka ji dabino, busasshen inabi, mazarƙwaila, wani lokaci har da ƙamshin sabuwar fata irin ta shagon dukawa. Ka kurɓi kaɗan ka riƙe a baki, zaƙi ne zai fara zuwa sannan ɗumi ya biyo baya a ƙirji, kuma minti ashirin gaba in ta ƙara ɗumi a hannunka za ka ji ta canja. In kuwa abin da ya fara dukan hancinka kwali ne jiƙaƙƙe to iska ta yi mata yawa, in ɗanɗanon ruwan magi ne ko romon nama to yis ɗin ciki ne ya mutu ya fashe, kaɗan daga wannan ana jurewa, in ya rufe komai ta wuce. Akwai irin su Fuller's Vintage Ale ta Landan, da aka fara a 1997, waɗanda ake rufewa da yis mai rai a ciki, su in kana zubawa sai ka bar ɗan na ƙarshe a kwalba don lakar kar ta biyo.

Masu sha'awar abin suna jera shekaru daban-daban na giya ɗaya, misali ta bana da ta shekara 3 da ta shekara 10, su fara daga sabuwa su gangara, da ruwa da busasshen biskit a tsakani. Da Bigfoot ta kamfanin Sierra Nevada a Kalifoniya, wadda aka fara a 1983, an fi ganin bambancin ƙarara don 'yan Amurka suna cika wa tasu hof, sabuwa ɗaci kamar me, bayan shekara biyar sai ka rantse wata ce daban. Belgium ma suna da nasu, Chimay mai shuɗiyar takarda da Rochefort 10 da sufaye 'yan Katolika suke yi a gidajen ibadarsu.

Abu ɗaya kuma kar ka raina ƙanƙantar kwalbar. Mililita 275 a kashi 11.5 tana ɗauke da barasa zalla wajen mililita 32, babbar kwalbarmu ta 600 a kashi 5 kuwa 30 ce. Kaga ƙaramar ta fi babbar. Ku raba ta ku biyu ko uku, kuma ranar ba tuƙi.

TAMBAYA: Malam ni magidanci ne daga Kano, 'ya'yana suna karanta wannan shafi. Gaskiya ban ji daɗin yadda ka fara taɓa maganar giya a fitowar baya ba. Haramun ce, me ya kawo ta mujallar Hausa?

AMSA: Ranka ya daɗe na gode da ka faɗa min kai tsaye, kuma damuwarka a kan 'ya'yanka tana kan hanya. Hukuncin giya a Musulunci a fili yake, babu abin da na rubuta da ya taɓa shi, kuma ba na kiran kowa ya sha. Ni Kirista ne kamar yadda tsofaffin masu karatu suka sani, kuma coci-coci da yawa a arewa ma sun hana mabiyansu. Ta fuskar lafiya ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito a Janairun 2023 ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa, kuma tsufan kwalba ba ya rage mata illa ko kaɗan, hanta ba ta san shekara ba. Amma masu karanta Hausa ba iri ɗaya ba ne, akwai ɗaliban da dole su ci jarrabawa a kan wannan darasi, akwai ma'aikatan otal, akwai 'yan'uwanmu da ke zaune a waje, kuma ilimin da ke ciki shi ne dai ilimin da ya bayyana me ya sa man gyaɗa yake canja wari in ya daɗe a rana, me ya sa lemon malt mara barasa yake canja ɗanɗano a shago mai zafi, me ya sa zoɓo da kunun zaƙi in sun kwana a jarka suke kumbura su fara juyewa. Wannan na ƙarshen ma uba Musulmi ya fi kowa buƙatar ya san shi. Zan roƙi edita a riƙa sa gargaɗi a saman shafin duk makon da irin wannan batu ya zo don iyaye su gani tun kafin yara su buɗe.

TAMBAYA: Sannu Malam. Ni ne mai kula da sito a wani otal a Jos. Tunda Guinness ɗinmu ta Najeriya tana da ƙarfi kuma Jos akwai sanyi, in na ware katan ɗaya na ajiye shekara biyar zai zama irin tsohuwar giyar nan ta Ingila?

AMSA: Abokina ba zan ba ka shawarar haka ba. Gaskiya ne tana da ƙarfi, kashi 7.5, kuma asalin irin wannan baƙar giya an ƙara mata ƙarfi da hof ne don ta jure doguwar tafiya a jirgin ruwa zuwa ƙasashe masu zafi, kafin a gina masana'antar Ikeja a 1962. Lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kuma sai kamfanonin giya na ƙasar nan suka koma ga dawa da masara, dawar da manomanmu na arewa suke nomawa. Amma 7.5 yana bakin iyaka ne, ba ta da ragowar suga mai yawa irin na baliwayin, an tace ta an gasa kwalbar don kashe duk wani abu mai rai, an yi ta ne don a sha cikin wa'adin da aka buga a jikinta. Bayan shekara biyar ba za ta sa mutum ciwon ciki ba in murfin bai yi tsatsa ya buɗe ba, amma ɗacinta zai tafi, gas ya ragu, ta koma wani abu lami mai warin kwali, kuma doka ma ba ta yarda ka sayar wa baƙo abin da wa'adinsa ya wuce ba.

Sannan sanyin Jos ɗin nan da muke alfahari da shi, sanyi ne in an gwada da Sakkwato ko Maiduguri, amma bai kai na ramin ajiya a Ingila ba. Dare a hunturu kan sauka ƙasa sosai, da rana a Maris kuma sito mai rufin kwano ya ɗauki zafi, wannan hawa da saukar ita ce matsalar. Ƙa'idar da muke koyarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 saurin lalacewa yana ninkawa aƙalla sau biyu, saboda haka sito mai digiri 32 yana tsufar da kwalba aƙalla ninki huɗu a kan mai 12, kuma tsufan gaggawa ba ya bayar da ƙamshin dabinon nan, ɓacin kawai yake kawowa. Firij zai iya taimakawa in da wuta tana tsayawa, amma a ɗauke a kawo a ɗauke a kawo shi ma hawa da sauka ne.

Inda wannan ilimin zai yi maka aiki yau shi ne a kan kayan da kake sayarwa kullum. In mota ta sauke kaya kar a bar kiret a tsakar gida rana tana dukansa, haske yana fasa sinadarin hof ya fitar da wani wari mai kama da na tunku, kuma a koriyar kwalba ko fara cikin mintuna abin yake faruwa, mai ruwan ƙasa ce ta fi karewa. Ka ɗaga kiret daga jikin bangon da rana take bugawa da yamma, ka nisanta su da ɗakin janareta, ka rubuta ranar shigowa da alli a jikin kowane jeri, wanda ya riga shigowa shi zai riga fita. Lemon kwalba da na malt ma ka yi musu haka.